Wace ce Elisabeth Kübler-Ross, kuma dole ne mai jimami ya bi matakanta biyar?

Tambaya: Likita, ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. An koya mana matakai biyar na jimami na wata likita mai suna Elisabeth Kübler-Ross, aka ce mu haddace su saboda jarrabawa. Mahaifiyata ta rasu wata takwas da suka wuce, kuma da na auna kaina ban ga na yi musun rasuwarta ba, ban kuma yi fushi da kowa ba. Kewarta ce kawai take taso mini, wani lokaci kamar jiya aka yi rasuwar. Wace ce wannan mata, kuma akwai abin da ya same ni ne da ban bi matakan ba?

Amsa: 'Yata, kafin komai ina yi miki ta'aziyya. Allah Ya jiƙan Mama, Ya yi mata rahama, Ya ba ku haƙurin jure rashinta. Bari kuma in ba ki gajeriyar amsa tun yanzu domin hankalinki ya kwanta kafin ki karanta doguwar: babu abin da ya same ki, domin abin da kika bayyana shi ne halin da aka fi samun waɗanda aka yi wa rasuwa a ciki. Matakan nan biyar daga bakin masu ciwon ajali aka tattaro su, wato mutanen da su da kansu suke fuskantar mutuwa, sai daga baya aka ɗora su a kan waɗanda aka mutu aka bari. Yadda aka yi hakan ta faru ba zai fito fili ba sai an san matar da kuma zamanin da ta yi aiki a cikinsa.

An haifi Elisabeth Kübler ranar 8 ga Yuli, 1926 a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, ɗaya daga cikin 'yan uku mata, kuma nauyinta ranar da aka haife ta bai cika kilo ɗaya ba. Ta tashi a ƙauyen Meilen da ke bakin tafkin Zurich, inda ta ga wata mutuwa da ta riƙa ba da labarinta har tsufanta. Wani manomi ne ya faɗo daga kan bishiya, aka tabbatar ba zai tashi ba, sai ya roƙa a bar shi ya cika a gidansa. Ya kira 'ya'yansa mata ɗaya bayan ɗaya ya gana da kowacce, ya tsara yadda za a yi da gonarsa da dukiyarsa, ya aika aka kira abokansa suka yi sallama, kuma ba a kori yaran maƙwabta daga ɗakin ba, har da ita kanta. Ki riƙe wannan hoton, domin da shi ta riƙa auna duk abin da ta gani a asibitocin Amurka daga baya.

Mahaifinta ya so ta zama sakatariya a kamfaninsa, ita kuwa likita take son zama, sai ta bar gida tana budurwa ta yi aikatau, sannan ta samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu ta shiga ƙungiyar 'yan sa-kai masu taimakon ƙasashen da yaƙi ya ɗaiɗaita, aikin ya kai ta har Folan, inda ta ziyarci sansanin Majdanek da 'yan Nazi suka hallaka dubban mutane a cikinsa. Ta ce a jikin bangon ɗakunan ta ga zanen malam-buɗe-littafi da fursunoni suka karta, kuma wannan ƙwaro ya zama alamar aikinta har ƙarshen rayuwarta. Ta kammala karatun likita a Jami'ar Zurich a 1957, ta auri abokin karatunta Ba'amurke, Emanuel Ross, a 1958, suka koma New York. Fannin yara ta so ta ƙware a kai, amma samun juna biyu ya hana ta gurbin, sai ta karɓi wanda ya samu, wato fannin lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin gwamnati na Manhattan.

Abin da ta tarar a Amurka yana da wuyar gaskatawa ga wanda ya san asibitocin ƙasar a yau. A 1961 wani likita mai suna Donald Oken ya tambayi likitoci 219 a wani asibiti a Shikago ko suna gaya wa mai ciwon daji abin da yake damunsa, sai kusan kashi 90 cikin 100 suka ce sun fi son su ɓoye. Mutuwa ta baro gida ta koma asibiti, likitoci kuma suna kallonta a matsayin gazawarsu, don haka wanda aka fid da rai da shi akan kai shi ɗakin ƙarshe, a riƙa leƙa shi a gurguje, a ce masa yana samun sauƙi, alhali shi yana ganin jikinsa yana zagwanyewa. Kowa ya sani, kowa kuma yana yi kamar bai sani ba, shi ma majinyacin sai ya shiga cikin wasan domin kada ya ɗaga hankalin iyalinsa. Da ta koma Jami'ar Colorado a Denver a 1962, aka ba ta lacca ga ɗaliban likita, sai ta shigo da wata yarinya 'yar shekara 16 mai sankarar jini ta ce su yi mata tambayoyi. Kamar yadda ta ba da labari, ɗaliban sun tsaya ne kan sakamakon gwajin jini da magunguna, har sai da yarinyar ta fusata ta tambaye su dalilin da ya sa babu wanda ya nemi jin yadda take ji a ranta.

Ainihin aikin da ya sa sunanta ya ɗaukaka ya fara ne a 1965 a asibitin Billings na Jami'ar Shikago. Ɗalibai huɗu daga wata makarantar horar da malaman addinin Kirista suka zo wurinta suna neman taimako kan wani bincike game da mutuwa, ita kuwa ta ce musu babu malamin da ya fi wanda yake kan hanyar, don haka a je a tambaye shi. Sai da ta sha wuya kafin ta samu wanda za ta tambaya, domin duk sashen da ta shiga sai likitoci su ce ba su da mai ciwon ajali, wasu ma su nuna mata ɓacin rai a fili. Majinyaci na farko da ta samu ya yi murna da zuwanta, ya roƙe ta ta zauna a lokacin su yi magana, amma ta ce ya bari sai gobe ta zo da ɗalibanta. Da gari ya waye suka zo, ƙarfinsa ya riga ya ƙare, ko magana ba ya iya yi sosai, kuma a ranar rai ya yi halinsa ba tare da ya faɗi abin da yake son faɗa ba. Ba ta ɓoye wannan kuskure ba, ta rubuta shi da hannunta a cikin littafinta. Ni a ganina duk ma'aikacin asibiti ya kamata ya san wannan labari tun kafin a koya masa matakai biyar.

Daga nan zaman ya zama na mako-mako. Ita da limamin Kirista na asibitin sukan zauna da majinyacin da ya amince a cikin ƙaramin ɗaki, ɗalibai da ma'aikatan jinya kuma suna kallo ta bayan gilashin da ake gani ta gefe ɗaya, da sanin majinyacin. Kaɗan ne ƙwarai suka ƙi yin magana, kuma mafi yawansu sun riga sun san halin da suke ciki ko da ba a gaya musu ba, daga canjin fuskar iyali da raguwar zuwan likita. Ta ce ɗaya daga cikin manyan malamanta wata baƙar fata ce mai sharar ɗakuna, wadda ta lura duk ɗakin da ta shiga sai majinyacin ya samu natsuwa. Da ta bincike ta, sai matar ta gaya mata cewa ɗanta ɗan shekara uku ya cika a hannunta tana jiran layin ganin likita, tun daga ranar ta daina tsoron mutuwa, shi ya sa take iya matsawa kusa da mai mutuwa ta taɓa shi ta yi masa magana. Daga hirarrakin da aka yi da majinyata fiye da 200 ne littafinta mai suna On Death and Dying ya fito a 1969, kuma ƙaramin takensa ya bayyana manufarsa ƙarara: abin da masu fuskantar mutuwa za su koya wa likitoci da ma'aikatan jinya da malaman addini da iyalansu.

To, ga matakan kamar yadda ta kawo su. Na farko shi ne ƙin yarda, inda mutum zai ce an yi kuskure a gwaji, ko an haɗa sakamakonsa da na wani, ya yi ta yawo daga wannan likita zuwa wancan. Ta ɗauki wannan a matsayin garkuwar da zuciya take sanyawa har ta samu ƙarfin ɗaukar labarin, kuma ta gargaɗi ma'aikata kada su fizge ta da ƙarfi. Na biyu fushi ne, wato tambayar me ya sa sai ni, kuma yakan sauka a kan wanda yake kusa, mai jinya ko mata ko ɗa, ba don sun yi laifi ba, sai don suna da lafiyar da shi ya rasa. Na uku neman alfarmar ƙarin lokaci, galibi tsakanin mutum da Ubangijinsa a asirce. Ta ba da misalin wata mata mai fama da raɗaɗi da ta roƙi a taimaka mata ta halarci bikin auren ɗanta, tana cewa in ta ga wannan rana ba ta da sauran buri. Aka yi ƙoƙari ta je, da ta dawo kuwa tun kafin likita ta buɗe baki ta tuna mata cewa tana da wani ɗan. Na huɗu baƙin ciki, na biyar kuma sallamawa.

Kan biyun ƙarshe zan tsaya, domin nan ne aka fi yi mata gurguwar fahimta. Ta raba baƙin cikin gida biyu. Akwai na abin da mutum ya riga ya rasa, kamar aiki ko kuɗin da magani ya cinye ko wata gaɓa da aka yanke, kuma wannan ana iya rage shi da taimako na zahiri, a tsara wanda zai kula da yara, a warware matsalar kuɗi. Akwai kuma na shirin rabuwa da komai da kowa, wanda shiru ne ya fi yawa a cikinsa, kuma ta ce babban kuskure ne a riƙa lallashin irin wannan majinyaci ya saki ransa ya yi fara'a, domin abin da yake buƙata shi ne wanda zai zauna kusa da shi ya riƙe hannunsa ba tare da cika shi da surutu ba. Sallamawa kuwa ba ta ce farin ciki ba ce. Ta kwatanta ta da lokacin da gwagwarmaya ta lafa, mutum yana yawan barci, ba ya son baƙi da yawa, kuma a lokacin iyali sun fi shi buƙatar tallafi. Ta kuma rubuta abubuwa biyu da kusan ba a kawo su a takardun aji: cewa waɗannan halaye suna iya haɗuwa a lokaci guda ko su shiga cikin juna, da cewa akwai abu ɗaya da yake ratsa dukkansu, wato sa rai, wanda bai kamata likita ya kashe shi ba ko da yana faɗin gaskiya.

A watan Nuwamba na 1969 mujallar Life ta buga labarin zamanta da wata matashiya mai sankarar jini, daga nan wasiƙu da gayyata suka yi ta kwarara, littafin ya bazu a duniya cikin harsuna da yawa. Abin da ya fi saurin tafiya daga cikinsa shi ne jerin nan na biyar, saboda yana da sauƙin rubutawa a allo, da sauƙin haddacewa, da sauƙin fitarwa a jarrabawa, alhali hirarrakin majinyata, waɗanda suka cika shafuka masu yawa na littafin, sai an zauna an karanta su. Sannu a hankali aka ɗauke matakan daga gadon mai mutuwa aka kai su ga gwauraye da marayu, daga nan zuwa ga mutuwar aure da rasa aiki, har kamfanoni suka riƙa zana su domin bayyana yadda ma'aikata suke karɓar sauyi. Ita ma tana da hannu a wannan faɗaɗawa, domin littafinta na ƙarshe, wanda ta rubuta tare da David Kessler kuma ya fito a 2005 bayan rasuwarta, a kan jimamin waɗanda aka bari yake, ko da yake a farkonsa an bayyana cewa matakan ba tashoshi ba ne da ake bi a jere, kuma ba kowa yake shiga dukkansu ba.

A matsayin bincike na kimiyya aikinta yana da rauni, kuma dole a faɗa. Ta saurari mutane ta rubuta abin da ta lura da shi, amma ba ta ƙididdige mutum nawa ne suka shiga kowane hali ba, ba ta kuma yi amfani da ma'auni ɗaya ta bi su daga farko zuwa ƙarshe ba, sannan dukkansu majinyatan asibiti ɗaya ne a birni ɗaya. Da masana suka zo suka auna, sai hoton ya canza. George Bonanno da abokan aikinsa sun wallafa a 2002 sakamakon bin mutane 205 tun kafin mazajensu ko matansu su rasu har zuwa wata 18 bayan rasuwar, suka samu cewa rukuni mafi girma, kusan kashi 46 cikin 100, sun ji zafin rashi amma ba su faɗa cikin ciwon damuwa ba, kuma babu alamar cewa danne wani abu suke yi wanda zai fashe daga baya. A 2007 masu bincike a Jami'ar Yale suka wallafa nazarin mutane 233 da aka yi wa rasuwa, kuma sakamakon ya shafe ki kai tsaye: tun daga watannin farko yarda da abin da ya faru ita ce ta fi rinjaye, kuma daga cikin abubuwa masu ciwo kewa da begen mamaci ne suka fi ƙarfi, sun zarce musu da fushi da karayar zuciya. Su masu binciken sun ga cewa lokutan da waɗannan halaye suke kai ƙololuwa sun yi kama da jerin matakai, wasu masana kuma suka musanta wannan fassara, amma kan cewa kewa ce a gaba babu jayayya. Bayanin da na fi samun ya dace da abin da nake gani shi ne na Margaret Stroebe da Henk Schut na ƙasar Holan, wanda suka gabatar a 1999, cewa mai jimami yana kai-komo ne tsakanin fuskantar rashin da kuma fuskantar rayuwar da ta rage: da safe ki shiga aji ki yi karatu har ki yi dariya da ƙawaye, da yamma ki ga mayafinta a rataye hawaye su zubo. Dukkan ɓangarorin biyu lafiya ne, kuma kai-komon shi ne yadda zuciya take hutawa ta sake ɗauka.

Illar mayar da matakan doka na gan ta da idona. Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu a sashenmu bayan doguwar jinya ta dawo karɓar takardu, tana cikin natsuwa tana yi wa ma'aikata godiya ɗaya bayan ɗaya, sai wani matashin ma'aikaci, da kyakkyawar niyya, ya ce mata har yanzu tana matakin ƙin yarda ne, fushi yana nan tafe. Na ga yadda fuskarta ta canza. Matar da ta shafe shekara biyu tana juya shi a kan gado tana ba shi abinci a baki, wadda ta yi kukanta a dararen da babu wanda ya gani, sai ga shi an sa mata shakku a kan haƙurinta.

Kashi na biyu na rayuwar Kübler-Ross ya fi wuyar bayani, kuma ba zan tsallake shi ba. Daga shekarun 1970 hankalinta ya karkata ga labaran waɗanda suka kusa mutuwa suka farfaɗo, ta fara bayyana a bainar jama'a cewa tana da tabbacin abin da yake bayan mutuwa, har tana cewa tana hulɗa da ruhohi masu yi mata jagora. A 1977 ta kafa cibiya mai suna Shanti Nilaya kusa da Escondido a jihar Kalifoniya, ta haɗa kai da wani mutum mai suna Jay Barham da yake da'awar kiran ruhohi. An zarge shi da yin shigar ruhu a ɗaki mai duhu yana lalata da matan da suka zo neman waraka daga baƙin ciki, ita kuwa ta daɗe tana kare shi kafin daga bisani ta yi hannun riga da shi. Wannan al'amari ya zubar mata da ƙima a idon abokan aikinta, aurenta ma ya mutu a 1979. Ina ganin suka a nan ta dace da ita, domin mutanen da suka je wurin masu rauni ne, kuma sunanta ne ya ja su.

Duk da haka ƙarfin halin da ya kai ta ɗakunan ƙarshe na asibitin Billings bai bar ta ba. Ta yi aiki mai yawa da yara masu ciwon ajali, tana amfani da zanen da suke yi domin fahimtar abin da suka sani game da halinsu. Da cutar ƙanjamau ta ɓulla a farkon shekarun 1980, lokacin da wasu ma'aikatan lafiya suke tsoron ko shiga ɗakin mai ita, ta rungumi masu cutar, kuma a 1985 ta bayyana niyyar buɗe gidan renon jariran da aka yasar saboda suna ɗauke da ita a gonarta da ke Head Waters a jihar Bajiniya. Mutanen yankin suka yi mata caa, aka hana ta izini. A 1994 gidanta ya ƙone ƙurmus tare da takardunta da abubuwan da ta tara, kuma ta yi imani cewa da gangan aka sa wutar. Daga nan ta koma Arizona kusa da ɗanta Kenneth, a 1995 kuma ta samu shanyewar ɓarin jiki, ta shafe shekara tara a keken marasa lafiya, tana gaya wa 'yan jarida ba tare da kwana-kwana ba cewa ta gaji, tana fushi, tana jiran tafiya. Wasu suka ce ga mai koyar da sallamawa ta kasa sallamawa. Ni ban ga haka ba, domin abin da ta nema wa majinyata tun farko shi ne a bar su su faɗi abin da yake ransu ba tare da an yi musu hukunci ba, kuma ita ma majinyaciya ce a lokacin. Ta rasu ranar 24 ga Agusta, 2004 a Scottsdale, tana da shekara 78.

Sau da yawa akan ce ita ta ƙirƙiro gidajen kula da masu ciwon ajali, wannan kuwa ba daidai ba ne. Wannan aikin Cicely Saunders ne, wadda ta buɗe St Christopher's a Landan a 1967, ta kuma kafa tsarin ba da maganin raɗaɗi a kan lokaci tun kafin ciwo ya dawo. A Amurka kuma Florence Wald, tsohuwar shugabar makarantar jinya ta Yale, ita ta jagoranci kafa na farko a Connecticut a 1974. Gudummawar Kübler-Ross ita ce ta sa jama'a suka yarda a yi maganar a fili, har ta ba da bahasi gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka a 1972 kan mutuwa cikin mutunci, kuma a 1982 aka kafa dokar da ta sa inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin ƙasar ta riƙa biyan kuɗin irin wannan kulawa. Da aka maimaita tambayar Oken ga wasu likitoci, sakamakon da aka wallafa a 1979 ya nuna kashi 97 cikin 100 sun fi son gaya wa majinyaci gaskiya. Ci gaban maganin ciwon daji da dokokin neman yardar majinyaci sun taka rawa a wannan juyi, amma muryarta tana cikin waɗanda suka fi ƙarfi.

Idan kika waiwayo gida za ki ga cewa abin da ta yi ta kukan an rasa a Amurka, rabinsa muna da shi. Ba ma barin wanda aka yi wa rasuwa shi kaɗai: akwai zaman makoki, akwai masu ta'aziyya da suke shigowa rukuni-rukuni, akwai takaba ta wata huɗu da kwana goma da take ba mace lokaci sananne. Haƙurin da ake yi wa mutum wasiyya da shi kuma bai hana hawaye ba, tunda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, ya bayyana cewa ido yana kuka, zuciya tana baƙin ciki, amma ba a faɗin abin da bai yardar da Ubangiji ba. Inda nake ganin muna da gyara shi ne lokacin da kalmar "sai haƙuri" ta zama murfin da ake rufe bakin mai son ya ambaci mamacinsa, da kuma ɗaya rabin, wato gefen majinyaci. Har yau 'yan'uwa sukan ja ni gefe a baranda su ce, "Likita, don girman Allah kada a gaya masa," shi kuma in an tambaye shi jiki ya ce da sauƙi, kowa yana kare kowa. Ba na fatali da roƙonsu, ba na kuma jefa wa majinyaci labarin da bai nema ba. Nakan zauna in tambaye shi me ya fahimta game da ciwonsa, da kuma iya abin da yake son ya sani.

Game da ke, kewa mai zuwa tana lafawa a wata na takwas ba ciwo ba ce. Abin da zai sa in ce ki ga likita shi ne idan begen ya zama kullum ne, da ƙarfin da yake hana ki karatu ko barci ko shiga mutane, yana tafiya ba ya raguwa, ko kuma kika fara jin rayuwa ba ta da amfani. Tunanin cutar da kai kuwa ba a jira da shi ko kwana ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin wannan doguwar damuwar rashi cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, da sharaɗin ta wuce aƙalla wata shida kuma ta zarce abin da al'ada da addinin mutum suka saba da shi, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma na manyan da aka yi wa rasuwa ne take samu. A jarrabawa ki rubuta matakan biyar a jere yadda aka koya miki, ki ƙara da cewa daga majinyata masu ciwon ajali aka samo su a 1969, kuma ba kowa yake bin su ba.

A sashen marasa lafiya kuwa za ki haɗu da irin wani dattijo ɗan kasuwa da na taɓa dubawa, mai ciwon daji na hanta, wanda 'ya'yansa suka roƙe ni in rufa. Wata rana da yamma na ja kujera na zauna, na tambaye shi abin da yake gani game da jikinsa. Ya dube ni ya ce ya san ciwon nan ba na tashi ba ne tun kafin azumi, yaran ne ba su sani ba, kuma ba ya son a tayar musu da hankali. Damuwarsa wani kuɗin ajiya ne na wani abokin cinikinsa da babu wanda ya san da shi, da ƙaninsa da suka shekara shida ba sa ga-maciji. A daren na kira babban ɗansa muka zauna mu uku. Washegari aka rubuta ajiyar a gaban shaidu, aka aika mota ƙauye ta ɗauko ƙanin, kuma bayan kwana tara ya cika a ɗakinsa na gida.